Ammi Jilali da Hanyar Kudu

Duk unguwarmu ta bakin teku a Mustaganim babu wanda bai san Ammi Jilali ba, wato Baffa Jilali a bakinmu, kuma babu wanda bai taɓa gudun hirarsa ba. In ya tare ka a ƙofar masallaci ya ce "wata rana muna tasowa daga Tamanrasset", to ka haƙura da abincin rana. Tun yana saurayi yake jan babbar mota, ya kai siminti da fulawa kudu, ya dawo da dabino, har furfura ta cim masa a kan wannan hanya. Ya ratsa tsaunuka cikin ƙanƙara, ya kwana a rairayi, ya ga fitowar rana a kan duwatsun Ahaggar, amma duk shi kaɗai ya gani. Matarsa Yamina da 'ya'yansa biyu, Hawari da Nawal, labari kawai suka sha.

"Baɗi in sanyi ya shigo zan kai ku," haka yake cewa duk shekara.

"Baɗin nan naka ya girme ni, Alhaji," in ji Yamina.

Da ya ajiye aiki ma bai motsa ba. Abin da ya tayar da shi Hawari ne. Yaron ya gama jami'a da kyakkyawan sakamako, ya yi yawon neman aiki har takalmi ya cinye, daga ƙarshe ya koma jingina da bangon shagon shayi tare da ire-irensa. Abokansa suna ta raguwa ɗaya bayan ɗaya. Yau a ce wane ya hau kwalekwale ya isa Sifaniya, gobe a ce wane ba a ji ɗuriyarsa ba. Ammi Jilali ya lura ɗansa ya daina musu da shi a kan abinci, ya daina kallon ƙwallo, in ya zauna sai ya juya fuskarsa wajen ruwa. Tsoro ya kama tsohon, irin wanda bai taɓa ji ba ko lokacin da mota ta mace masa a tsakiyar hamada.

Shi dai a kansa maganin abin ɗaya ne, kuma ba wanda ya isa ya raba shi da shi: yaron bai ga ƙasarsa ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a kan tudun rairayin Taghit da asuba, in ji shi, ba zai bar wannan ƙasa ya je ya wanke wa wani kwanuka ba. Sai ya shimfiɗa tsohuwar taswirarsa a tsakar ɗaki ya danne gefunanta da kofunan shayi. Da hutun sanyi ya zo Nawal ta bar makaranta, za su tashi. Za su fara da gandun dajin Theniet el-Had, Yamina ta taɓa ƙanƙara da hannunta a ƙarƙashin manyan itatuwan can. Daga nan a gangara Taghit, a wuce Timimun, a miƙe har Ahaggar.

Yamina ta tsuke baki, amma ta shiga murza kuskus tana shanyawa, ta fito da busasshen naman layya da ta adana. Nawal ta hau rigimar kujerar gaba. Wanda ya ba kowa mamaki shi ne Hawari. Da safe aka gan shi a gareji ya naɗe hannun riga yana jiran ubansa.

"Baba, koya mini komai. Kada mu je can in zama kaya."

Wallahi ranar Ammi Jilali kamar an yi masa bushara da Aljanna. Ya buɗe gaban tsohuwar motarsu ya fara. Ga yadda ake tace fetur da ƙyalle. Ga yadda ake cire fulogi a goge shi a busar in inji ya ƙi tashi. Ruwan sha ba a kwankwaɗarsa, da murfin jarka ake auna wa kowa, babba da yaro daidai. Dabino da ɗan gishiri sun fi tukunyar nama a wajen da babu wuta. Rigar ulu mai hula ba ta rabuwa da jiki, don sanyin fili ba ya sallama. Suka zaga kasuwa tare suka sayo jarkoki, uban yana ƙwanƙwasa kowace yana shinshina bakinta.

"Waya fa, Baba? Ai akwai taswira a ciki."

"Waya! Ranar da ta mutu sai ka ci ta. Kai dai nemi tauraron nan da ba ya motsi. In kudu ka nufa, ka bar shi a ƙeyarka."

"In kuma arewa mutum ya nufa?"

"Sai ka sa shi a goshi mana, sakarai. Ai ta haka za mu dawo gida."

Ya yi dariya har da dukan kafaɗar yaron. A shagon shayi kuwa ya ishi mutane: Hawari ya dawo hanya, Hawari ya fi shi iya inji. Wasu dattawan suka riƙa kallon ƙasan kofunansu. Ban sani ba ko sun san wani abu, amma ba wanda ya yi masa magana, kuma har yau ina jin haushinsu.

Ana saura kaɗan a tashi iska ta faɗi, teku ta kwanta lumui kamar ba lokacin sanyi ba. Ammi Jilali ya dawo daga masallaci da safe ya buɗe gareji don ya fara ɗaure kaya. Mota tana nan. Jarkokin fetur babu, na ruwa babu, buhun dabino babu, akwatin fulogi babu. Ya tsaya yana kallon wurin da suke, sai ga Yamina a bayansa ba mayafi.

"Alhaji, ba ya ɗakinsa. Rigar ulunka ma ba ta nan."

Ya zauna a kan tayar da ya saya don hanya.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna su. Yamina ta daina ci. Shi kuma kullum yana bakin ruwa tare da sauran iyaye, don kwalekwale biyu ne suka tashi a ranar, kowa yana riƙe da waya yana jira. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma ko sallama da ƙyar yake amsawa.

Sai wayar ta yi ƙara. Hawari ne, daga Almeriya can Sifaniya, muryarsa a dishe.

"Baba, mun isa. Baba, kana ji na? Inji ya mutu mana a tsakiya, ruwa ya shiga, wayoyi duk suka mutu. Na yi yadda ka ce. Na goge fulogi, na auna ruwa da murfi, na sa tauraron a goshi. Duk wanda ke cikin jirgin nan yana sa maka albarka. Kai ka tsallakar da mu, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. Ya miƙa wa Yamina wayar, ya shiga gareji ya rufe ƙofa, muna jin kukansa daga titi. Ɗansa yana da rai, kuma da hannunsa ya shirya masa tafiyar da ta raba su. Ɗaya kwalekwalen har yau ba labarinsa.

Labari ya zaga unguwa. Hutun sanyi ya wuce, ba wanda ya sake ta da zancen kudu a gidan. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, Bahta, bazawarar da ke sayar da burodi a bayan layinsu, ta ƙwanƙwasa garejin. Ɗanta Ridwan yana bayanta, dogon saurayi, kansa a ƙasa.

"Alhaji, na yi kuka, na yi roƙo, na haɗa shi da Allah. Zai tafi, ko na yarda ko ban yarda ba. Shi kaɗai gare ni. Ka koya masa abin da ka koya wa naka."

Ammi Jilali ya miƙe zumbur. "Ke Bahta, ki ji tsoron Allah! Ni hanyar kudu na koyar. Hanyar kudu!"

"Na sani, Alhaji," ta ce a hankali. "Amma naka ya isa."

Ya dube ta. Sannan ya juya ga saurayin.

"Kai, ka iya ruwa?"

Ridwan ya girgiza kai.

"Nawa ma bai iya ba," in ji tsohon, hawaye yana bin gemunsa. "Ban taɓa tunanin koya masa ba. Inda zan kai shi babu ruwa."

Ya matsa gefe ya ba yaron hanya ya shiga.