Tallan Kifin da Ya Tara wa Baba Ƴan Jana'iza

Ko sunana zan manta, ba zan manta ranar da na tara wa Baba ƴan jana'iza yana da ransa ba. Shekaru sun ja, amma har yau in saƙo ya shigo wayata sai na tuna da ita.

Lokacin na tsere daga lakwal, wato makaranta, tun aji huɗu, gona ma na ƙi. Baba ya ce ya ba ni dama guda: in gwada sayar da kifin tabki, in na kasa in ɗauki hauya in bi shi ba gardama. Ni kuwa ina ganin yadda kamfanin waya ke damunmu da saƙo safe da yamma, sayi wannan, danna wancan. Na ce ashe haka manya ke talla, su ba sa yawo da tire a ka.

Rannan suka ba ni garabasar saƙo. Na cika bahon Inna da karfasa wajen masunta, na zauna bakin tabki na rubuta, "Kihi sabo ya samu, a zo gida." Na tura wa duk lambar da ke ciki. Wayar kuwa tsohuwar ta Baba ce har da layinsa, lambobin duk na dangi ne da abokansa. Ina gamawa batir ya mutu. Na kai ta caji, na rufe kifin da jiƙaƙƙen buhu, na zauna shan shayi ina jin kaina Alhaji.

Kusan azahar na doshi gida da baho a ka. Daga nesa na hango amalanke biyu, babura, mutane zaune kan tabarmi. Na ce a raina, kai, talla ta ci. Na ƙarasa ina washe baki.

"Ku yi layi, kowa zai samu," na ce.

Ba wanda ya yi dariya. Kawuna na garin Safo ya taso ya dafa kafaɗata.

"Sai haƙuri, ɗana. Yaushe abin ya faru?"

"Da safe, Kawu. Sabo ne, ko wari bai yi ba."

Ya kalle ni, ya kalli mutane, wani tsoho ya ce ruɗewa ce, a bar yaro. Sai na jiyo kukan Gwaggo daga cikin gida. Nan na tuna Baba ya yi mako yana kwance da zazzaɓi. Na dire baho na fashe da kuka, ni da na tara taron. Inna ta dawo daga niƙa ta gan mu, ita ma ta zube, ba ta tambayi kowa ba.

Muna cikin haka Baba ya fito da buta a hannu, zai yi alwala. Ashe magani ya sha, ya lulluɓa har kai ya yi barci, Gwaggo ta leƙa ta ga haka ta sa kuka.

"Wa ya rasu?" ya ce.

Kawu ya ce a hankali, "Kai ne, Yaya."

Sai da aka zauna na gane kan zancen. Yawancinsu ba sa karanta boko, lambar Baba kawai suka gane. Kawu ya kira ya ji a kashe. Ya kira Gwaggo a garin Sarkin Yamma, ta ce ita ma ta samu. A wajenmu kuwa ba a aika wa dangi duka a lokaci ɗaya sai an yi rashi. Ba wanda ya ga dalilin neman mai karantawa.

Baƙo ba ya tafiya da yunwa, don haka Inna ta soye kifina kaf aka ci da tuwo. Ina kallo jarina na wucewa maƙogwaron Kawu, har yana cewa gishiri ya yi daidai.

Baba bai zage ni ba. Ya zauna yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya ce yau ya san masu zuwa da marasa zuwa. Sannan ya miƙo mini hauya. Damina uku na yi ina bin sa.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya karanta saƙo, mai aikowa yake fara karantawa. Yanzu na koma kifi, amma muryata nake ɗauka in tura, kuma kullum da abu ɗaya nake farawa: "Kowa lafiya lau a gida."