Kiran Raƙumi a Ramin Ɓera

Kakata Falmata ba ta son a roƙe ta tatsuniya. Sai an idar da sallar magariba ta zauna bakin murhu tana ɗumama ƙafafunta, in ta ga dama ta fara, in ba ta ga dama ba ta kore mu. Amma akwai shekarar da ta kama tatsuniya ɗaya ta ƙi saki, kuma ba ta yin ta sai babana yana tsakar gida.

A shekarar ne babana ya kai ƙanensa, Baba Ari, ƙara wurin mai gari a kan itatuwan dabinon da suka gada a wani kwari bayan garinmu Gure. Baba Ari makiyayi ne, da damina yana can Alakoss da dabbobinsa, kuma a lokacin aka yi zaman shari'ar. An aika mutum ya kira shi, ya je zangon da kowa ya san an tashi, ya yi sallama, ya dawo ya ce ba a amsa ba. Dabino ya zama namu. Mu yara abin da muka lura kawai, Baba Ari ya daina shigowa gidanmu.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji Kaka, da murya sama da yadda ta saba. Wai Raƙumi yana da rijiya, ya tafi ɗauko gishiri. Kura ta je gaban Dila alƙali ta ce rijiyar tata ce. Dila ya ce a kira Raƙumi. Kura ta hau tudun rairayi, ta cusa baki a ramin ɓera, ta raɗa, "Raƙumi, ana kiranka." Ta dawo ta rantse ta kira shi, girman kai ya hana shi zuwa. Nan muke faɗuwa da dariya, don Kaka har durƙusawa take tana kwaikwayon raɗar.

"To da Raƙumi ya dawo fa?"

"Ku tambayi wanda ya sani," ta ce, ta juya icce a wuta. Babana ya ɗauki buta ya fita.

Na girma, lakwal, wato makarantar boko, ta kai ni har Indiya karatun shari'a. Can suna da dokar ƙararrakin jama'a tun zamanin Turawan Ingila, kuma malaminmu ya warware mana ita dalla-dalla. Sammaci sai ya isa hannun wanda ake ƙara. In ba a same shi ba, a manna a ƙofar gidan da yake zaune, mai kaiwa ya bayyana wa kotu yadda ya yi. In an yanke hukunci a bayan idon mutum, ya nuna ba a kira shi yadda ya kamata ba, sai a soke, a sake zama. Ina cikin rubutu hannuna ya tsaya. Kunya ta rufe ni a ajin da ba wanda ya san Gure, don da dabinon nan aka ɗauki nauyin karatuna.

Da na dawo, Kaka da babana duk sun rasu. Na je gaida Baba Ari, ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya sa aka dama mini fura, yana ta gaya wa maƙwabta ɗansa ya zama lauya. Da suka watse ya matso kusa.

"Ɗana, can ƙasar, ana yi wa mutum shari'a ba ya nan?"

Na gaya masa abin da dokarsu ta ce.

"Ko an daɗe?"

"A'a, Baba. Akwai wa'adi, kuma gajere ne."

Ya jinjina kai. "Ba komai. Dama so nake in ji ko akwai inda aka rubuta cewa ba daidai ba ne. Sha furarka."

Na kai ƙwaryar baki, na sauke ta ban sha ba.