Daminar Da Aka Bar Ni Na Fita

Jiya da hantsi ina tsaye a bakin titi ina jiran a-daidaita-sahu, sai wani bakanike ya kai wa tsohon wilin mota guduma. Ƙarar ta tashi, ta yi tsawo kafin ta mutu. Ban san lokacin da na waiwaya ba, kamar ni ake kira. Da irin wannan ƙarar kakana yake tara yaran unguwarmu a Kazaure duk safiya idan an yi dogon hutu, kuma na daɗe ina jin ta daga cikin ɗaki kafin a bar ni in amsa ta.

Da ciwon sikila aka haife ni, mai karatu. Yayana ma da shi ya zo duniya, kuma shi ne ajalinsa tun ban yi wayo ba. Daga nan Umma, mahaifiyata, ta tattara tsoronta gaba ɗaya ta ɗora a kaina. Ba na gudu, ba na taɓa ruwan sanyi, ba na daɗewa a rana. Hadari na haɗowa za ta sa mini rigar sanyi ta rufe taga. Makaranta a babur Abba yake kai ni ya ɗauko ni, an kuma roƙi malamai kada su bar ni in shiga wasa idan an fita hutun tara. Ban taɓa ganin laifinta ba. Na san yadda ciwon yake idan ya tashi, na kuma san yadda fuskarta take komawa idan tana zaune a bakin gadona.

Kakana na wajen uba tsohon hedimasta ne. Da ya yi ritaya sai ya lura cewa yaran da iyayensu ba su da gona, 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa, suna ƙare hutun damina a yawon bakin dam. Ya share garkar bayan gidanmu, ya kafa rumfar zana, ya rataye wani tsohon wilin mota a reshen darbejiya. Yara su zo bayan karatun allo na safe, su koma gida kafin la'asar. Mutanen unguwa suka sa wa wurin suna makarantar hutu, ko da yake babu jarrabawa kuma babu bulala. Kowane yaro yana da 'yar kunyar shukarsa ta kuɓewa ko yakuwa ko gyaɗa. Ana ƙera tukwane da shanu na yumɓu, ana langa da 'yar gala-gala, ran Alhamis kuma a haɗa hannu a turara dambu. Duk wannan ta tagar ɗakin Umma na san shi.

Wata safiya kakan nawa ya tako har ƙofar ɗakinmu, abin da ba ya yi. Umma ta ja mayafi ta durƙusa ta gaishe shi.

"Na zo aron amaryata ne," in ji shi. Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika.

Umma ta sunkuyar da kai. "Baba, ka san halin da take ciki."

"Na sani. Da hannuna na sa ɗan'uwanta a kabari. Amma yarinyar nan ta kusa shekara goma, ba ta da ƙawa ko guda ɗaya."

Umma ba ta iya yi wa surukinta musu, amma ba ta ce to ba. Da yamma ta shiga gidan maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ke haya a jikin gidanmu, wadda duk unguwa ke kira Mama Nas. Ina biye da ita. Matar ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Maman yara, ciwon nan ruwa yake so da hutu, ba kulle ba. Ta sha ruwa sosai, in ta gaji ta zauna a inuwa, kada ruwan sama ya dake ta. 'Yata ma tana zuwa, zan riƙa leƙawa in na taso aiki."

Kwanakin farko ba su yi mini daɗi ba. Iyaye sun riga sun ja wa 'ya'yansu kunne a kaina, saboda haka duk inda na doso sai a buɗe mini hanya. Ba wanda ya zaɓe ni a wasa. Na zauna a gefen rumfa da rigar sanyina a cinya, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin masarar da ake gasawa, ina tunanin gara tagar Umma.

Sai kakana ya raba ayyuka. Wani shara, wata wankin kwanoni, wasu korar awaki daga shuka. Ni kuma ya naɗa ni mai randa. Ni ke riƙe da moɗa, kuma duk lokacin da na ce a sha ruwa, dole kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya shiga layi, har da shi kansa. Na ji daɗin mulkin nan ƙwarai, har na riƙa kiran layi don kawai in ga manyan yara sun bar ƙwallo suna gunaguni. Sai da na girma na gane abin da tsohon ya yi. Shan ruwan da ya zama mini dole ya mayar da shi dokar kowa, don kada in zama ni kaɗai ce ake tsayarwa.

Ƙawata ta farko da faɗa na same ta. 'Yar mahaucin unguwarmu ce, doguwa, mai baki. Na ƙera 'yar tukunya da murfinta, ta sa hannu ta ɗauke, ta ce ai mai zuwa asibiti ba ta girki. Na finciko ɗankwalinta na cusa a caɓi. Ta ture ni, na zauna daɓas a cikin laka. Kowa ya tsaya yana jiran ya ga ko zan karye. Na tashi na sake yin kanta. Kakana ya raba mu, ya duba ni sama da ƙasa, sannan ya yanke mana hukunci iri ɗaya: mu wanke tukunyar dambu. Wannan ne horo na farko da aka taɓa yi mini, kuma ban taɓa jin daɗin abu kamarsa ba. Kafin mu gama kankare tukunyar, mu biyu da 'yar Mama Nas da ta zo taya mu mun riga mun ƙulla yadda za mu haɗa kunyoyinmu wuri ɗaya.

Na koma gida zanena duk laka. Umma ta lalube ni tun daga wuya har yatsun ƙafa. Da ta tabbata lafiyata ƙalau sai ta ce in faɗa mata abin da ya faru. Ina cikin ba ta labarin ɗankwalin na ga ta juya baya tana gyara murhun da ba ya bukatar gyara, kafaɗunta suna motsi.

Daga nan abubuwa suka riƙa sauyawa a hankali. Na fara cinye tuwona. Na koyi cire ciyawa ba tare da na tumɓuke shuka ba, na koyi a ci ni a carafke in haƙura. Mama Nas ta koya mini in riƙa sauraron jikina, in gane bambancin gajiyar wasa da ciwon da ke shirin tasowa, in kuma faɗa da bakina ba tare da kunya ba.

Da marka ta kankama, aka kwana aka yini ana yayyafi, sai ciwon ya tashi. Ya kama ni a baya da ƙafafu, aka kwantar da ni a asibiti ana ƙara mini ruwa. Ranar da aka sallame mu na ji Umma tana gaya wa Abba cewa an gama, ba zan sake taka garkar nan ba. Kakana ya zo ya duba ni, ya yi mini addu'a, ya fita.

Washegari yaran makarantar hutu suka shigo gaishe ni, suka cika tsakar gida da takalma. 'Yar mahauci ta ajiye kwano cike da ɗanyar kuɓewa a gaban Umma, ta ce daga kunyata aka tsinko, ita ta riƙa nome mini. Bayan sun tafi Umma ta ɗauko wuƙa ta fara yankawa. Na daɗe ina kallon hannunta kafin na yi magana.

"Umma, bara ma da marka na kwanta, kuma ina ɗaki ban je ko'ina ba. Tunda zai zo ko ina ciki ko ina waje, don Allah ki bar ni in riƙa fita."

Ta ci gaba da aikinta. Ta gama yanka kuɓewar, ta kaɗa miya, muka ci. Bayan na ƙara samun ƙarfi, wata safiya ta ninke rigar sanyina ta sa a leda, ta riƙe hannuna ta raka ni har bakin rumfa.

A makon ƙarshe na hutu kakana yakan kai yara hawan dutsen da ke bayan gari. Umma ta ce in dai zan je, da ita za a je. Ta ɗaura mayafi a ƙugu ta ɗauki jarkar ruwa. Muka bi tsakanin duwatsu, ciyawa tana jiƙa mana ƙafa. Da muka kai wani falalen dutse a tsakiyar hanya na ji ƙirjina ya fara nauyi, sai na ce, "Kaka, ni a nan zan tsaya." Ba wanda ya ce in tsaya, ni na faɗa. Ya gyaɗa kai ya wuce da sauran. Ƙawayena biyu suka zauna tare da ni.

Daga nan ana ganin dam ya cika ya batse, ga rufin kwano na gari yana ƙyalli, ga gero ya fitar da kai har iyakar gani ta wajen Roni. Umma ta zauna kusa da ni tana haki fiye da ni. Shekarunta da yawa da aure a garin, ba ta taɓa hawa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka garin nan yake da faɗi." Ta miƙo mini ruwa, ta sha sauran.

Kakana ya rasu ina sakandare. Garkar yanzu shaguna ne, akwai mai cajin waya da mai sayar da taki. Yaran unguwar idan an yi hutu makarantun kuɗi suke zuwa, galibi don ƙarin darasi, wasu wuraren kuma akwai kwamfuta da ƙwallo da ɗinki. Ba zan ce na da ya fi ba, don na ga yara suna dawowa da abubuwan da mu ko a mafarki ba mu sani ba. Sai dai ina fata a riƙa rage musu zaman benci, a bar su su taɓa ƙasa, su yi faɗa su shirya.

Ciwon yana nan tare da ni, muna lallaɓa juna. Ina aure a Kano, kuma ɗana, wanda Allah ya raba shi da cutar, ya fara zuwa irin wannan shiri na hutu a bana. Shekaranjiya ya dawo da gwiwar wando a yage, yana ba ni labarin wani abokinsa da ban taɓa jin sunansa ba, da wata gardama da suka yi suka kuma raba da kansu. Na lura a karon farko yana da wata rayuwa tasa wadda sai dai ya ba ni labarinta. Na ja kujera na zauna. Abincinsa ya huce a kwano, ban katse shi ba.