Buhu Huɗu Zuwa Hawa Na Biyar

Shekara ashirin da biyu Mai Ƙugiya ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gini, ko bulo ɗaya bai taɓa kuɓuce masa ba. Da kunne yake aiki. In injin ya sauya kuka, ya san kaya sun yi yawa tun igiyar ƙarfen ba ta miƙe ba. Tsayi bai taɓa ba shi tsoro ba. Takarda ce dodonsa.

Ranar Litinin aka manna sanarwa a ƙofar ofis: duk mai tuƙa inji zai zauna jarrabawa nan da kwana goma sha biyu. Tambaya goma, sai an ci shida. Wanda ya faɗi za a sauke shi daga inji, ya koma ƙasa ɗaurin kaya. Sau uku ya karanta. Shekararsa hamsin da ɗaya, bayansa ba zai ɗauki aikin ƙasa ba.

Ƙanwarsa malamar makaranta ce. Kullum da ya tashi aiki sai ya biya ta gidanta, su zauna a teburin da take gugar kaya.

"Buhu huɗu na siminti, kilo ɗari biyu," in ji ta. "Hawa na biyar, mita goma sha biyar, cikin sakan goma. Ninka nauyi da goma saboda jan ƙasa, ka ninka da tsayi, ka raba da lokaci. Nawa ne ƙarfin injin?"

Ya yi ta fama da fensir, zufa na ɗiga a takardar. "Wat dubu uku."

"Ka gani? Ashe kan ba bulo ba ne."

"Amma ƙarya ne. Injin dubu uku ba zai kai su ba, ƙonewa zai yi a hawa na uku. Ina nauyin ƙugiya? Ina tsatsar igiya?"

"Yaya, a littafi igiya ba ta tsatsa. An ce ka manta da su, ka manta."

"Wanda ya rubuta littafin bai taɓa tsayawa ƙarƙashin kaya ba."

"Shi ma mai gyara takardarka bai taɓa ba. Ba shi abin da yake so."

Ranar jarrabawa aka jera su goma sha huɗu a ɗakin cin abinci na ma'aikata. Aka raba takardu. Tambaya biyar ya amsa da tabbaci, huɗu suka gagare shi. Ta ƙarshe kuwa irin ta ƙanwarsa ce sak, har buhunan. Ya rubuta dubu uku. Sai ya hango buhunan suna lilo a sama, injin na hayaƙi, leburori na wucewa a ƙasa. Ya ja layi a kai, ya rubuta dubu huɗu a gefe. Yana miƙa takardar ya gane abin da ya yi wa kansa.

Washegari Injiniyar da ta gyara takardun ta aika a kira shi. Mace ce marar yawan magana. Ya tsaya a bakin tebur da hular kwano a hannu.

"Biyar ka ci," ta ce. "Wannan ta ƙarshe amsa biyu na gani. Wacce ce taka?"

Ya san wadda za ta tsamo shi. Amma harshensa ya ƙi faɗin ta.

"Ranki ya daɗe, lissafi dubu uku ya ba ni. Amma in ni zan ja, da mutane a ƙasa, ba zan taɓa makunni ba sai dubu huɗu."

Ta sake duba takardar.

"Amsar da ka soke ba na iya ƙirga ta. Doka ce." Ta ɗauko farar takarda, ta rubuta sabuwar tambaya da wasu lambobi, ta tura masa da biro. "Minti goma. Ka rubuta ta lissafi a sama. Taka kuma ka sa a ƙasa, ina son ganinta."

Ya zauna a bakin kujera, ya goge tafinsa a wando. Minti tara ya ɗauka. Ta duba, ta sa hannu, ta ce ya koma kan injinsa kafin masu siminti su fara zagi.