Ƙarfe a Kafaɗar Nababa

Nababa maharbi ne a Randagi, kuma ɗan tauri na gado. Ubansa ne ya shayar da shi maganin ƙarfe tun bai yi gemu ba, kuma ya shekara talatin yana goga wuƙa a cikinsa gaban jama'a, ko zane ba ta taɓa yi masa ba. Yana da cika baki kam, amma ba maƙaryaci ba ne. Abin da yake faɗa ya yarda da shi har zuci.

Wata damina a zamanin Turawa, bindigarsa ta fashe a dajin Kamuku. Ya dawo da ɗan rauni a kafaɗa, ya ce itacen bindigar ne ya tsage ya soke shi, ai magani bai hana itace ba. Raunin ya rufe, amma hannun ya ƙi ɗaguwa. Da ya kai ko fartanya ba ya iya riƙewa, matarsa Fatsuma ta tsare shi da mita har ya hau mota zuwa asibiti a Kaduna.

Can aka sa ya tuɓe layunsa, aka jingina shi da wani allo mai sanyi, aka ce kada ya motsa. Bai ji komai ba. Can sai ga likita Bature ya ɗaga wani baƙin hoto a bakin taga. Ƙasusuwa ne reras, da wani ɗigo fari fat a kafaɗa.

"Baba, ƙarfe ne wannan," in ji Ja'afaru, malamin asibitin da ke yin tafinta. "Likita ya ga daidai inda yake. 'Yar tsaga kawai zai yi ya zaro shi."

"Ƙasusuwan wane ne?"

"Naka ne, Baba."

"Nawa, ina raye? Kai ɗan nan, ƙarfe ba ya shiga jikina. Wuƙar tasa ma lanƙwashewa za ta yi."

"To a bar shi ya gwada mana, Baba."

Nababa ya kwanta ya rasa abin da zai roƙi Allah: wuƙa ta shiga ya samu hannunsa, ko ta ƙi shiga ubansa ya fita da gaskiya. Ta shiga salin-alin. Aka ɗora masa guntun ƙarfe kamar ƙwayar masara a tafin hannu, ya yi ta kallonsa, ransa a dagule.

Hannu ya warke. Mutanen Randagi kuwa suka yanke cewa shi ya kwance maganin don kada ya kunyata Bature, sunansa ya ƙara tashi. Shi ya san bai kwance komai ba. Ya yi zargin layun da ya tuɓe, sai ya tuna suna jikinsa ranar da bindigar ta fashe.

Da Dabo, ɗan amininsa, zai fara farauta, ya zo neman maganin. Nababa ya jiƙa ya ba shi yadda ubansa ya koya masa. Dabo ya yi godiya ya fita, har ya kai zaure sai tsohon ya biyo shi ba ko takalmi.

"Dabo! In ka ga tsaga a jikin bindiga, don Allah jefar da ita."