Ranar da Dala Ba Ta Amsa Ba

Na daɗe ina sana'ar saita sauti a Kano. Na sha zagi, na sha yabo, yawanci duk sun bi iska. Amma wani yammaci da na yi a gindin Dala, har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba.

Majalisin bege ne aka shirya a watan Maulidi, bayan la'asar, a wani fili tsakanin gidaje. Babban baƙo wani dattijon sha'iri ne ɗan unguwar, wanda muka tashi da muryarsa a kunne. Shi ba ya yawo da 'yan amshi ko mandiri. Jama'a su ne 'yan amshinsa: ya ja baiti, ya miƙa hannu, fili ya ɗauka gaba ɗaya. Ya yi doguwar jinya, wannan ce fitowarsa ta farko, kuma ciwon ya tafi da rabin muryar. Iyalinsa sun sani, shi bai sani ba, don kunnen ma ya yi nauyi. Burinsa ɗaya, ya sake jin mutanen unguwarsa sun amsa masa.

Miksa biyu muka kafa, wato na'urar haɗa sauti da daidaita shi, irin na zamani masu haɗe da waya ɗaya. Ɗaya a gefen dandamali, ita ke ba ƙaramar lasifikar da ke gaban mai waƙa don ya ji kansa. Ɗaya a tsakiyar jama'a, ita ke ba manyan lasifikoki, kuma a kanta nake zaune. Makirufo ɗaya muke rabawa, amma tushen ƙarfinsa, abin da muke kira gen, yana hannun wanda ke kan miksar dandamali. Don kada mu riƙa ɓata wa juna aiki, na kunna wani saiti na ramuwa: duk abin da ya ƙara a can, tawa za ta rage daidai shi, duk abin da ya rage, ta cike. Wato ya murɗa yadda ya ga dama, jama'a ba za su ji bambanci ba.

Wanda ya zauna a ta dandamalin babban ɗan dattijon ne, abokina, shi ma ɗan sana'a, amma a tsohuwar miksa guda ɗaya ya koya, inda in ka murɗa gen kowa ya ji. Na yi masa bayani tun da rana. Ya ce to, to, idonsa na kan ƙofar da za a fito da mahaifinsa.

Aka fito da shi ana riƙe da hannunsa, cikin farar riga da ta yi masa yawa. Fili ya cika har kan katangu, mata a soraye. Ya karɓi makirufo, ya yi salati. Muryar tana nan da daɗinta, amma ta zama siririya, iska ta fi yawa a ciki.

Sai na ga lambar ramuwa a allon miksata tana sauka ƙasa. Abokina ne yake murɗa gen, yana ganin yana kai muryar babansa ƙarshen fili. Alhali duk abin da ya ƙara, a lasifikar gaban tsohon yake tsayawa. Na hango dattijon ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta washe. Ya ji kansa kamar da.

Na tura tawa sama don in kai wa jama'a. Nan take lasifika ta fara kuwwa, wannan siririn kukan mai tsaga kunne. Lasifikar gabansa ta yi ƙarfi da yawa, tana komawa cikin makirufon, ba ta bar mini wurin ƙari ba. Na ja baya da sauri. Na danna abin maganar da ke tsakaninmu.

"Mutumina, abin da kake ƙarawa ba ya zuwa nan. Baba kaɗai ke ji. Rage masa, in samu in ɗaga wa mutane."

Ya ce, "In na rage masa zai gane."

"In ba ka rage ba, su ba za su ji ba."

"Don girman Allah ka bar shi. Ka ga fuskarsa kuwa? Rabon da in ga ya yi murmushi tun kafin asibiti."

Raina ya ɓaci, amma me zan ce? Mahaifinsa ne. Na yi ta lallaɓa abin, in ɗaga kaɗan ya yi kuwwa, in sauke. Mutanen baya suka fara cewa ba a ji, wani har ya zo kaina yana tambaya ko barci nake.

Dattijon ya kai ƙarshen baiti, ya miƙa hannu. Jama'a ba su san ya iso wurin ba. 'Yan layin gaba suka amsa a warwatse, su ma bai ji su ba, don muryarsa ta cika masa kunne. Ya maimaita, ya sake miƙa hannun, ya bar shi a sama. Ya dubi dama, ya dubi hagu, murmushin ya tafi. Ya ajiye makirufon a kan kujera a hankali, ya ce a mai da shi gida.

Washegari na je gaishe shi. Yana kishingiɗe a zaure, ɗan nasa na tsugune a gefe kansa a ƙasa. Na durƙusa na ce, "Baba, wallahi jama'a ba su ji ka ba ne. Sautin bai kai musu ba."

Ya ce, "Malam, kar ka rufa musu asiri. Ni na ji muryata ras, har ta fi ta da. Kunnena zan ƙaryata? Sun dai gaji da ni. Yaran da na yi wa huɗuba a kunne, su ne suka yi mini shiru."

Ɗan ya buɗe baki ya ce, "Baba, ni ne..." Tsohon ya ɗaga masa hannu, ya juya fuskarsa bango.

Bai sake fita majalisi ba. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa, ya ce a ce musu yana hutawa. Kafin wani Maulidin ya zagayo ya rasu. Ranar jana'izarsa lungunan Dala ba masaka tsinke, na tsaya ina kallon taron, duk waɗannan ne ya tafi yana zaton sun guje shi. Abokina ya sayar da kayan sautinsa, yanzu ɗinki yake yi.

Abin da ranar ta koya mini mai nauyi ne. In ka ɓoye wa mutum rauninsa don tausayi, ba ka hana shi jin ciwo ba, sai dai ya nemi wanda zai ɗora wa laifin, kuma masoyansa ne mafi kusa. Da an bar Baba ya ji muryarsa yadda take, muryar kawai zai rasa.