Ƙofa Ɗaya a Rana

Shekarar da Baba ya faɗi a babur kan hanyar Danchadi ya karye a ƙafa, ita ce shekarar da na fara zama kusa da shi ba don aiki ba. Ni ne babba, ni na tsaya a gida ina noman albasa. Ƙanena kuwa yana jami'a a Sakkwato, kuma ko tari ya yi Baba sai ya ce na masu ilimi ne. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Akwai wani wasa a wayata. Wata mata ce ke neman ɗan'uwanta a cikin tsohon gari da aka watse aka bari. Kowace ƙofa kulle take, sai ka warware wata dabara ta buɗe, sannan a ba ka ɗan guntun labari. Wata la'asar ina zaune gefen tabarmar Baba na maƙale a inda ake karkatar da ruwa ta magudanai har ya kai ga wata rijiya. Ya leƙo ya ce, "Kai, toshe na sama tukuna. Wa ya taɓa ban ruwa haka?" Na toshe, ƙofa ta buɗe. Ya ce, "To, mi tac ce?"

Daga ranar muka ɗora. Ni ina fassara da guntun Turancina na sakandare, shi yana ba da dabara. Ya kafa doka: ƙofa ɗaya a rana. Wai in ka cika wa fangali ruwa lokaci guda, albasa ruɓewa take. Sai mu buɗe ɗaya, mu ajiye waya, mu yi ta gardama ko ɗan'uwan nan yana raye. Sati uku muna haka. Wallahi a gona ma matar nan nake tunani, kuma Baba ya fara tambaya ko na dawo.

Sai ƙanena ya zo hutu. Rannan na kai albasa kasuwar Bodinga, na bar wayar tana caji a ɗakin Baba. Da na dawo, tun daga zaure nake jin dariyarsu. Ƙanen nawa yana zaune a gurbina, daidai inda nake jingina, waya a hannunsa.

"Yaya, ashe wannan ne ya tsayar da ku sati uku? Ƙofa tara na buɗe yanzu-yanzu."

Baba ya ce, "Yaron ga akwai kai!"

Tara! Kwana tara nawa ya cinye tsakanin azahar da la'asar. Na ce sannu da ƙoƙari, na karɓi wayata na fita. A bayan rumbu na tsaya, na danne hoton wasan na goge shi. Wayar ma ta tambaye ni ko na tabbata. Na tabbata mana. Kishi ne tsagwaronsa, kuma a lokacin daɗi na ji.

Washegari bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni. Na shiga ina cin magani.

"Zamna. Ɗan'uwanka gudu shikai kamar ana korar shi, rubutun ma tsallakewa shikai, ban fahimci komi ba. Da munka kai ta ƙarshe na hana shi. Na ce wagga da yayanka za mu buɗe ta. Kawo wayar."

Na ce, "Na goge shi, Baba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni, ya gyara ƙafarsa, ya ce, "To. Ashe ba mu sanin ko matar ga ta gane ɗan'uwanta."

Na sake sauke wasan a satin, amma daga ƙofar farko ya dawo. Muka buɗe huɗu. Kafin ta biyar mai ɗori ya kwance ƙafar, Baba ya koma fadama, la'asar ta koma ta ban ruwa. Daga baya na bi ƙofofin ni kaɗai har na kai ta ƙarshe. Tana nan a wayata, ban buɗe ba.